Yadda Na Kai Na'ura Mai Hadda Gonar Surukina

Tun da na dawo daga Mandera ban huta ba. In na zauna majalisarmu ta bakin shagon tela a nan Boɗinga, sai wani ya ce, "To malamin gona, ƙaƙa anka kwashe da surukai?" In na shiga ofis, har masinja sai ya leƙo ya tambayi lafiyar na'ura. Kowa ya tsinci guntun labari ya ƙara masa gishirinsa, har an kai ga cewa wai kwamfutata ta kira hakimi albasa. Ba hakimi ta kira ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin tun daga tushe, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ni malamin gona ne. Bara aka tura mu horo na mako biyu a Sakkwato, aka koya mana yadda ake sa kwamfuta ta gane ciwon shuka daga hoto. Abin ba tsafi ba ne. Za ka tara hotuna, ka ce mata wannan ganye lafiyayye ne, wannan kuma mai ciwo. Sai ta yi ta dubawa tana canka, in ta kuskure ta gyara, har ta iya. Amma kafin ta fara akwai wasu lambobi a saman shafi waɗanda kai za ka sa da hannunka, ita ba ta zaɓa wa kanta. Su ake kira saiti. Akwai zagaye, wato sau nawa za ta bi hotunan daga farko har ƙarshe. Akwai taku, wato girman gyaran da za ta yi wa kanta duk lokacin da ta kuskure. Akwai yawan hotunan da za ta ɗauka a loma guda. Sannan akwai birki: ka ware wasu hotuna da ba za ta yi karatu da su ba, a riƙa jarraba ta da su, da an ga ta daina ci gaba sai birkin ya tsayar da ita.

Malamar da ta koyar da mu ta bar mana zagaye talatin. Da na dawo gida na buɗe laftof ɗina na ga talatin ɗin nan, sai abin ya ba ni haushi. Ni fa ɗan malam ne. A gidanmu ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ban taɓa jin mahaifina ya ce wa wani bita ta yi yawa ba. Me talatin za ta yi? Na goge na rubuta ɗari biyar. Na dubi birki na ce a ina aka taɓa tsayar da mai karatu yana tsakiyar karatu, na cire shi. Hotunan jarrabawa kuwa, ni na sha rana a fadamun Boɗinga na ɗauko su, ban ga dalilin da zan ɓoye mata wasu ba. Na zuba mata duka. Da ta gama na gwada ta da hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, ko guda ba ta kuskure ba. Na ɗora ta a wayata, na fita tsakar gida ina taƙama.

Baki shi ke yanka wuya. Na faɗa wa matata Hajara cewa na ƙera abin da ya fi idon kowane manomi. Ita kuma ta faɗa wa mahaifiyarta ta waya. Kwana uku aka yi saƙo ya zo daga Mandera, cikin ƙasar Shagari: surukina Baba Arzika yana son in je. Albasarsa ta damina ta fara wani abu a ganye, yana so a duba a ga ko sai an yi feshi. Gonar nan ita ce cin gidansa na shekara, da ita ake sayen hatsi in rumbu ya yi ƙasa. Hajara ta goge mini farar shaddata, ta ce, "Malam, ka dai hita da ni kunya." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Babur ɗin ofis ya kwana biyu a wurin makaniki, don haka mota na shiga a tasha. Ƙaramar mota ce ta mutum biyar, muka shiga mu tara har da direba, ban da zakaran wata tsohuwa. Direban ya so ya jefa jakar laftof a but, ƙarƙashin buhun taki. Na ce sai dai a jefa ni. Haka na rungume ta a cinya, zakara kuma ya ɗora kansa a kanta kamar shi ma ya biya. Motar ba ta tashi da makulli, sai da turi, shi ya sa direban ba ya kashe ta. A Sifawa ya tsaya zai ƙara mutum na goma, sai ta mutu da kanta. Muka fito muka tura, ni da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jaka. Tsohuwar ba ta fito ba. Daga ciki take ba mu ƙarfin gwiwa, tana cewa, "Samarin yanzu ba su cin tuwo."

Kada wanda ya ce tafiyar da ba ta kai rabin yini ba ba ta da iyaka. Tana da ita. Inda ƙasar Boɗinga ta ƙare ta Shagari ta fara, muka iske ganga biyu da katako mai ƙusoshi, da 'yan sintiri uku a inuwar darbejiya. Babbansu, wani ƙato mai jajayen idanu, ya nuna jakata ya ce, "Mi ag ga ciki?"

Na ce kwamfuta ce. Ya ce ta mene ne. Maimakon in ce ta ofis ce in yi shiru, sai bakina ya sake ja mini. Na ce ina da na'ura a waya mai ganin ciwo.

"Ciwo? To duba ni."

Na ce ai ciwon albasa take gani. Ya ce in tana gani ta gan shi, in ba ta gani to ƙarya nike, in sauko. Na ɗaga waya na ɗauke shi hoto. Ta ɗan yi tunani, ta rubuta: lafiyayyar albasa. Na karanta masa a hankali, ina shirin gudu. Sai mutumin ya washe baki ya ce, "Alhamdu lillahi! Ga shi asibiti sunka ce min hawan jini." Ya kira sauran biyun, su ma lafiyayyu. Aka gwada direba, aka gwada zakara, aka gwada tayar mota wadda wayoyinta ke waje. Kowa lafiyayyar albasa. Aka janye mana katako ana sa mini albarka. Na san ba ta san komai ba sai amsa biyu, dole ta ba da ɗaya. Amma da ina da hankali da na tambayi kaina me ya sa kullum guda take bayarwa. Ni dai daɗin yabo ya rufe mini ido.

A Dandin Mahe na sauka. Na sha fura a bakin hanya, mai kyau ƙwarai, har na so in ƙara sai na ce bari in bar wa girkin surukai wuri. Wannan ma kuskure ne, za ku ji. Na hau kabu-kabu muka bar kwalta. An yi ruwa shekaranjiya, hanya duk taɓo. Mai babur ɗin ya ce in riƙe shi da kyau, na ce hannuwana na kan jaka. Muka zo wani kududdufi ya ce ya san shi, bai kai idon sawu ba. Ashe na bara ya sani. Babur ya tafi hagu, mai shi ya tafi dama, ni na zauna daram a tsakiya, jaka a bisa kai. Laftof ko ɗigo bai taɓa ta ba. Farar shadda kuwa daga ƙugu zuwa ƙasa ta koma jar ƙasa.

Mutanen Mandera suna da al'adu da suka sha bamban da namu, ko da yake Hausa guda muke ji. A Boɗinga in ka je gidan surukai, a bakin zaure kake tuɓe takalmi. A can, Hajara ta gargaɗe ni, tun daga gindin tsamiyar da ke bakin layi ake tuɓewa. Na taka ƙaya biyu kafin in isa. A Boɗinga in an tambayi gida da aiki da gajiya an gama. A can sai da aka tambaye ni lafiyar shugaban ofishinmu, da babur ɗin da ke wurin makaniki. Baba Arzika, dogon tsoho siriri mai ƙarancin magana, yana zaune a kan buzu. Na durƙusa nesa, kaina a ƙasa. Bai dubi shaddata ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan a ce ya yi dariya.

Aka sauke ni a wani ɗaki na bakin zaure inda ake ajiye irin albasa. Sai ga kwanoni huɗu: tuwon gero da miyar kuka, dambu, kaza, da hoce. Na wanke hannu, sai waya ta yi ƙara. Hajara ce. Ta ce, "Malam, kak ka ci da yawa hwa. Garinmu suruki taɓawa ɗai shikai. Inna za ta buɗe kwanonin ta gani." A gidanmu rabin kwano ake bari, kowa ya san haka. A nan an so ka bar kwano kamar ɓera ne ya bi ta kai. Na gutsiri loma uku, na ɗauki fiffiken kaza guda, na rufe. Na zauna ina kallon kwanonin ina tuna furar Dandin Mahe.

Bayan la'asar muka fita gona. Na zaci ni da shi ne kawai. Ashe Baba ya gayyaci mai unguwa, da liman, da dattawa kusan goma. Ya tsaya a bakin gona ya ce musu, "Ga mijin ɗiyata. Malamin gona na, na gwamnati. Ya zaka da na'ura." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma na ji yadda muryarsa ta ɗan ɗaga a wurin "mijin ɗiyata".

Aka fara kai ni fangalin da ya fi kyau, kamar yadda manomi ke yi wa baƙo ko'ina. Na ɗauki hoto, ta ce lafiyayya. Aka yi gaba, lafiyayya. Sai muka gangara kusurwar da ruwa ke kwanciya. Tun kafin in durƙusa na gani. Tabo ne dogo-dogo a jikin ganye, tsakiyarsa kalar makuba, gefensa rawaya, kan ganyen ya fara karyewa. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, na san ciwon nan kamar yunwar cikina. In aka yi masa feshi da wuri yana tsayawa. In aka bar shi cikin raɓa da ruwa, kwana kaɗan ya cinye fangali.

Na ɗaga waya duk da haka, don ita aka zo gani. Liman yana bayana, ya leƙo ta kafaɗata, kuma ya iya boko. Kafin in rufe fuskar wayar ya karanta da ƙarfi: "Lahiyayyar albasa!" Dattawa suka ɗauki masha Allah. Mai unguwa ya ce, "Ke nan ba sai an yi heshi ba, Malam?"

A nan ya kamata in ce na'ura ta yi kuskure, idona ya ga ciwo, a yi feshi gobe da safe. Kalma nawa ce? Amma ga mutum goma, ga surukina da ya tara su, ga taƙamar da na yi ta iso garin kafin ni. Na ji bakina ya ce, "Na'ura dai ta ce lahiya lau." Baba Arzika ya dubi ganyen, ya dube ni, ya ce, "To, madalla." Muka juyo gida.

Da asuba na koma gonar ni kaɗai. Na ɗauki hotunan ganye masu tabo da marasa tabo har waya ta yi zafi. Dabarata ita ce in gyara na'urar, in dawo in ce an sabunta ta, ita da bakinta ta ce a yi feshi, ni in fita ba tare da na ƙaryata kaina ba. Na gaishe da Baba na ce zan leƙa Shagari in yi caji, zan dawo da yamma. Ya ce, "Allah shi kiyaye hanya."

A Shagari ina da taubashi, Chika, malamin lissafi da kwamfuta a wata makarantar sakandare. Yana zaune a gidajen malamai, ɗaki guda da faranti ɗaya na sola a kan rufi. Abin da na fara yi shi ne cinye shinkafa da waken da ya dafa wa kansa. Sannan na ba shi labari. Ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Da ya buɗe laftof ya ga saitin kuwa sai ya tashi zaune.

"Ɗari biyar? Ina birki?"

Na ce na cire.

"Ina hotunan jarrabawa?"

Na ce na ba ta ta karanta.

"Kai, Allah shi jiƙan kakanmu, bai bar ma komi ba sai taurin kai." Ya ɗauko hoto guda daga cikin na karatunta, ganye mai tabo, ta ce mai ciwo. Ya ɗauko wanda na ɗauka da asuba, tabo iri ɗaya, ta ce lafiyayya. Ya ce, "Ka gani? Ba ciwo tak koya ba, hotunanka tah haddace. Ta san wanga hoto, da inuwarka cikinai, da ƙasar da ag ga gehe. In tag ga baƙon hoto sai ta hwaɗi abin da ya hi yawa cikin karatunta. Mi ya hi yawa?"

Lafiyayyu suka fi yawa, nesa ba kusa ba, don duk gonar da na je a Boɗinga fangali mai kyau ake nuna mini.

Na ce amma ai hadda abin yabo ce. Ya ce ƙwarai, a wurinta, inda ake son kowane harafi ya zauna yadda ya zo. Ganyen albasa kuwa ba ya zuwa iri ɗaya sau biyu. Ya ce yana da ɗalibai irin na'urata, masu haddace tambayoyin bara da amsoshinsu, in ya canza bakwai ya sa tara sai su rubuta masa amsar bakwai da kyakkyawan rubutu.

Muka zuba hotunan Mandera a ciki, muka ware kashi ɗaya cikin biyar na jarrabawa, muka mayar da birki. Chika ya tafi aji ya ce kada in taɓa komai. Yana fita na taɓa. Ina so in koma Mandera kafin magariba, sai na ƙara girman loma don ta gama da wuri. Laftof ta yi gurnani, fanka ta yi ihu, ta sandare, ko kibiyar linzaminta ba ta motsi. Na kashe na kunna, na rage loma, na koma kan taku na ninka shi sau ɗari. Wannan karon ta ruga. Akwai wani layi da ke nuna yawan kuskurenta, wanda ake so ya riƙa gangarowa sannu a hankali. Nawa tsalle yake yi sama da ƙasa kamar ɗan akuya, don duk gyaran da ta yi sai ya wuce wurin da ake so, ta dawo ta sake wucewa. Da Chika ya dawo muka gwada ta, komai ya zama mai ciwo, har hularsa. Ya ce, "Wajen hular kam ta yi gaskiya. Sauri ya haihi nawa, ɗan gwaggo." Kafin mu sake sai hadari ya haɗo, rana ta ɓace, batirin sola ya ƙare. Na kwana a Shagari.

Washegari tsoro ya kama ni, na koma ɗaya gefen. Na mayar da taku ƙanƙane ƙwarai. Layin ya daina tsalle, amma kuma ba ya gangarowa, sai ka zuba masa ido da kyau ka ga ya ɗan motsa. Har azahar ba ta koyi abin kirki ba, kuma ta cinye rabin caji. Chika ya kore ni daga kujera. Ya gwada taku uku tsakanin nawa biyun, kowanne na ɗan lokaci, ya rubuta abin da kowanne ya bayar a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi, ya zaɓi na tsakiya. Layi ya gangaro lafiya. A zagaye na ashirin da uku birki ya kama, ta tsaya.

Na miƙa hannu zan ƙara mata. Ya buge hannun. Ya nuna mini layi biyu: kuskurenta a hotunan karatu yana ci gaba da raguwa, amma a hotunan jarrabawa ya daina sauka, har ya fara hawa. Ya ce daga nan hadda ke farawa. Muka duba jarrabawar, ta ci mafi yawa, ta faɗi 'yan kaɗan. Na ɓata rai na ce ta dā ba ta faɗuwa ko ɗaya. Ya ce, "Ta dā ka ba ta amsa kahin jarrabawa. Wagga da ka hwaɗuwa kaɗan ita ag gaskiya."

Na ɗora sabuwar a wayata, na sayi maganin feshi a kasuwa, na nufi masu kabu-kabu, sai aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka ce hanyar Mandera ba ta biyuwa sai gobe, ko nawa zan bayar. Da yamma Hajara ta kira ta ce ta yi magana da Inna, Baba bai yi feshi ba, ya ce malamin gona ya ce lafiya. A nan ma ina da dama. Da na ce mata ta aika a gaya masa ya yi feshi da an ɗauke ruwa, da saƙon ya isa kafin isha'i. Ban faɗa ba. Na ce mata gobe ina hanya. Har yanzu in na tuna wannan wayar sai in ji na tsani kaina.

Rana ta huɗu da hantsi na isa Mandera. Ban bi ta gida ba, gona na wuce. Tun daga nesa na ga kusurwar nan ta canza kala. Fangali shida sun kwanta, ganye ya yi baƙi ya narke a kan ƙasa, wari yana tashi. Tabon ya haura zuwa na sama, amma su da sauran rai. Baba Arzika yana tsugune a bakin fangalin farko shi kaɗai. A gindin bishiya ga famfon feshi na goyo, ga jarkar ruwa, ga ƙullin magani ba a buɗe ba, irin wanda ke cikin jakata.

Na tuɓe takalmi na durƙusa. Na ɗauki hoton ganye, ta rubuta mai ciwo, na miƙa masa wayar da hannu biyu. Bai karɓa ba, bai ma dube ta ba. Sai duk jawabin da na shirya na sabunta na'ura ya gudu. Na ce, "Baba, na yi ma ƙarya. Tun ran nan nig ga ciwon da idona. Kunyar mutane ta hana ni hwaɗi."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Na sani, Malam. Na ga hannunka ya tsaya bisa ganyen kahin ka ɗaga waya."

Na ce to don me bai yi feshi ba.

"Shekara arba'in ina albasa. Maganin ga tun ran kasuwa nis saye shi, kahin in aika a kira ka. Na so mutane su gan ka, shi ke nan." Ya tsinki wani ruɓaɓɓen ganye ya yar. "Ka yi magana gaban liman da mai unguwa. Da nig goya hwamho washegari, kahin azahar garin ga duka ya ji surukin Arzika bai san aikinai ba. Ɗiyata ta zo biki ta ji ana hwaɗi bayanta. Albasa ana sake dasa ta baɗi. Nac ce bari in jira ka ka dawo ka hwaɗi da bakinka. Ban dai zaci za ka kwana biyu ba."

Ban taɓa jin nauyi irin na lokacin nan ba. Hawaye suka zo mini, a gaban surukina, wanda ko loma huɗu ban yarda in ci a gidansa ba. Ya yi kamar bai gani ba. Ya tashi ya kwance ƙullin magani, ya auna, ya dama a jarka, ya zuba a famfo. Ya ɗago shi ya ce, "Juyo bayanka. Kai za ka yi, a gan ka."

Na goya. Na fara daga sama, fangali bayan fangali, yana biye da ni yana nuna mini inda na tsallake. Liman ya biyo ta hanyar gona a kan kekensa, ya tsaya yana kallo. Baba ya ɗaga murya ya ce masa, "Malam ya sake dubawa, ya ce a yi heshi." Liman ya ce madalla da ilimi, ya wuce.

Rana ta take tsaka lokacin da na gangaro kusurwar. Na tsaya a bakin fangali shidan nan, na ɗaga bakin famfo, ko da na san babu abin da magani zai tayar a wurin. Baba ya dafa kafaɗata, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Wuce su, Malam," ya ce. "Waɗanga na riga na ba ka su."